Kambun da Na Ɓoye a Jaisalmer

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. In na fito daga sallar Juma'a a unguwar Morrisania, nan Bronx ta Amurka, kafin in sa takalmi an kewaye ni. Alhaji Idi, mutumin Maraɗi da ke da shago kusa da teburina a titin 125, shi ya fi kowa naci. "Malam Sani, wai da gaske gidan gumaka ka shiga? Mi ka gani ciki?" Musa direba kuma, ɗan Zangon Kumasi, damuwarsa ɗaya ce, ko na ga masu rawar fim a bakin titi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da ba na son a ji, domin a tafiyar nan ban fita kunya ba.

Ni baduku ne ɗan baduku, haifaffen unguwar Birni a Damagaram. Jaka, bel, alabe, takalmi, su nake sayarwa a Harlem shekara ashirin da shida. 'Yata ta fari, Ramatu, a Bronx aka haife ta, tana karatun zanen gine-gine. A shekararta ta ƙarshe sai ta zaɓi yin aikinta a kan wasu tsofaffin ɗakunan bauta na 'yan addinin Jain, a wani gari cikin hamadar Indiya da ake kira Jaisalmer. Watanni ta yi tana aika wasiƙu kafin dattawan wurin su yarda ta zauna ciki da allonta ta zana rufin. Safiya uku suka ba ta, babu ƙari. In ba ta dawo da zanen ba, aikin shekara ya zube, sai ta sake zaɓen wani daga farko. Uwarta, Hajiya Mariyama, ta ce ko da wasa yarinyar ba za ta je ita kaɗai ba. Da aka duba gidan aka rasa wanda za a tura, sai aka tura ni.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin mu hau jirgi. A damtsena na hagu, sama da gwiwar hannu kaɗan, akwai kambu, wato layar da ake ɗaurawa a hannu. Ana gobe zan bar Damagaram babana ya zaunar da ni a tabarma, ya ɗora hannuna a kan gwiwarsa, ya ɗinke shi a jikina da jar fatar akuya, da addu'a a rubuce a ciki. Ya rasu ina shekara ta huɗu a nan, ba ni da takardun da zan je in dawo, ban ga jana'izarsa ba. Lokacin da ya ɗinka ni siriri ne kamar kara. Abincin Amurka ya cika mini hannu, fatar kuma ta bushe ta ƙame, har ya zama kambun ba ya wuce gwiwar hannu. Ba ya fita sai an yanke ɗinkin. Na san abin da malamai ke cewa a kan laya, Alhaji Idi ya faɗa mini ya fi a ƙirga. Ba gardama na zo yi ba, yadda abin yake nake faɗa.

A filin jirgin Queens kambun ya fara jawo mini magana. Na'urar nan da ake ɗaga hannu a ciki ta nuna shi, aka fitar da ni daga layi, wani ma'aikaci ya lalube shi da safar hannu, ya goga masa wani ƙyalle ya kai wa inji. Ramatu na gefe riƙe da takalmanta tana kallon ƙasa. Wannan na saba da shi. Abin da ban saba da shi ba shi ne na Delhi. Jami'in da ke duba fasfo ya karanta sunana, ya karanta inda aka haife ni, ya tambayi inda za mu. Da na ce Jaisalmer sai ya ajiye biro. Ashe garin kusa yake da iyakar Pakistan. Ya tashi da fasfona ya shiga wani ɗaki, ya bar ni tsaye, mutanen bayana suna leƙen fuskata. Da ya dawo, Ramatu ce ta fito da wasiƙar dattawan ta yi masa bayani da Turancinta mai gudu, sannan ya buga hatimi ba tare da ya dube ni ba. Daga nan tsoro ya shiga cikina ya zauna, bai fita ba har muka dawo.

Daga Delhi jirgin ƙasa muka hau. Mai ƙorafi da cunkoson jirgin lamba shida na Parkchester da safe, ya je can ya gani, zai dawo ya yi shiru. Mun sami wurin zama tare da wani mutum da matarsa da uwar matar. Mutanen kirki. Kafin jirgi ya bar gari sun buɗe kwanoninsu sun miƙo mana gurasa da wata miyar wake mai yaji. Ni kuma don kada in ci na mutane kawai, sai na zaro robar dambun naman da Hajiya ta cusa mini a akwati, na buɗe na miƙa da fara'ata. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe hanci. Mijin ya haɗa tafin hannayensa yana girgiza kai yana murmushi, amma ya janye kwanoninsu zuwa can gefe.

"Baba, rufe," in ji Ramatu a hankali. "Rufe, please. Ba sa cin nama. Na faɗa maka tun a gida."

Ta faɗa mini kuwa. Na ɗauka irin rashin cin naman Turawa ne, na masu rage ƙiba. Sauran tafiyar muka yi ta da murmushi daga nesa, kunya kamar in nutse a kujera.

Da gari ya waye na leƙa taga, sai na ga kamar hanyar Tanut ta can gida aka ɗauko aka shimfiɗa. Rairayi, raƙuma, awaki, mata da tuluna a ka, har da tumfafiya, wallahi tumfafiyarmu sak. Bambancin kawai motocin sojoji da ke wucewa jere-jere. A tasha muka sami wani dattijo mai adaidaita, Musulmi, sunansa Yusuf. Da ya ji na yi sallama ya rungume ni kamar ɗan'uwansa da ya ɓace. Shi na ba dambun, ya karɓa da hannu biyu ya ɓoye ƙarƙashin kujera.

Garin a kan tudu yake, cikin ganuwar dutse mai launin soyayyar gyaɗa. Ba kango ba ne, mutane na zaune a ciki da shagunansu da shanunsu. Ƙofa huɗu ake wucewa, kowace a karkace take da ta bayanta, Yusuf ya ce an yi haka ne don kada giwar yaƙi ta sami filin gudu. Ni abin da na lura da shi daban ne: hanyar shiga ɗaya ce, kuma ita ce ta fita. Na ce a raina, in magana ta tashi a nan, baƙo ba shi da inda zai bi.

Masaukinmu a jikin ganuwar yake, matakalarsa kamar an yi ta don masu dogayen ƙafafu. Babu nama a gidan, ko ƙwai babu. Amma sun ba mu gurasar gero da man shanu da nono mai kauri, na ci har Ramatu ta ce in tuna da shekaruna. Da la'asar na zaga lungunan, na tarar da shagunan fata jere, jakunkuna da takalman fatar raƙumi. Na juya wata jaka na ga manne ta aka yi da gam, ɗinkin na ado ne kawai. Na faɗa wa mai shagon, ya yi dariya ya tambaye ni ko sana'ata ce. Ganin fata ko'ina ya kwantar mini da hankali. Na ce ashe maganar da Ramatu ke yi ta cewa ba a shiga da fata ba ta kai yadda take faɗa ba.

Domin ta faɗa mini wannan ma. Mutanen Jain ba sa kashe komai mai rai, ko tururuwa. Ruwa sai sun tace, albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, wai tono su na kashe ƙananan halittun ƙasa. Fatar dabba kuwa a wurinsu gawa ce, ba ta shiga ɗakin bauta. Da safiyar farko, muna shirin fita, Ramatu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina rungume da allonta.

"Baba, kambun fa?"

Ba ta san ba ya fita ba. Ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Na sa riga mai dogon hannu, na ɗora wata a kai. Na dubi fuskarta na ce, "Na cire, yana cikin akwati."

Ta ce, "Na gode, Baba," ta juya. Ko ɗigon shakka babu a muryarta.

A ƙofar ɗakunan bautar akwai wani tsoho siriri mai farin gashin baki, sanye da farin zane da mayafi ruwan ɗorawa. Shi ke kula da shiga, kuma shi aka ce zai zauna da mu. Ya karanta wasiƙar Ramatu, ya gyaɗa kai, sannan ya juyo kaina. Jama'a, baduku a ƙofar masu ƙin fata abin kallo ne. Na cire takalmi. Ya nuna ƙuguna, na zare bel, na riƙe wando da hannu. Alabe ya fita. Agogo ya fita saboda maɗaurinsa. Gidan waya, gidan tabarau, har ɗan tuntun da ke jikin makullin gidana. Tulin kayana ya fi na Turawa biyar da ke bayanmu, suna ta dariya, tsohon ma ya murmusa. Sai ya dube ni cikin ido ya tambaya da guntun Turancinsa ko akwai saura.

Na ce babu.

Yanzu ga amsar Alhaji Idi, abin da na gani a ciki. Ɗakuna bakwai ne manne da juna, an ce sun haura shekara ɗari biyar, ana fita wannan a faɗa wancan ta ƙananan ƙofofi. Duk dutse ne, amma ba za ka ce dutse ba ne. Babu faɗin tafin hannu da ba a sassaƙa ba. Ginshiƙai da giwaye da dawaki da furanni da masu kiɗa, har da yatsun masu rawa da zobbansu. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi an yi baka mai lanƙwasa kamar igiyar da aka murɗa. Ni mai aikin hannu ne, na san abin da ake nufi da a yi kuskure a ƙarshen aiki. A fata in ka kuskure sai ka rufe da ado. A dutse babu rufewa. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya yi shekaru a kan ginshiƙi ɗaya, hannunsa bai goce ba ko sau ɗaya.

Rufin da Ramatu ta zo dominsa zagaye ne, zobe cikin zobe, kowane ya fi na ƙasansa ƙanƙanta har ya ƙare a wani fure da ke rataye a tsakiya. Ya tuna mini da ɗaurin gugan tsofaffin sorayen Birni, sai dai namu azara ce da laka, nasu dutse ne a kan dutse, Ramatu ta ce ba siminti, nauyin kowane ne ke riƙe ɗan'uwansa. Ta zauna a ƙasa ta ɗaga kai, fensirinta ya fara tafiya. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Amma ni ban ji daɗin ko minti ɗaya ba. A jikin bango, ko'ina ka juya, akwai mutum-mutumin farin dutse zaune ya naɗe ƙafafu, ɗaya bayan ɗaya, da yawa ƙwarai. An sa wa wasu idanun gilashi masu ƙyalli a duhu. Ni Musulmi ne, na san dutse ne, ba ya gani ba ya ji, kuma gini na zo rakiyar kallo ba bauta ba. Amma mai ƙarya ko bango ya kalle shi sai ya tsargu. Gumi ya jiƙa riguna biyu. Ji nake kambun yana matse ni, kamar ya kumbura kowa na ganinsa. Wani mai hidima ya wuce da ƙyalle a bakinsa yana share ƙasa da tattausan tsintsiya don kada a taka ƙwaro, na matsa gefe kamar ɓarawo. In tsohon ya yi tari sai in ɗauka ya gane. Da rana ta take aka ce lokaci ya yi, na fito na ce saura biyu.

A safiya ta biyu asirin ya tonu, kuma ta hanyar alheri ya tonu, wannan ne ke ci mini rai. Ramatu ta kai rabin zanenta. Tsohon ya ga na gaji da tsayuwa, sai ya yafito ni, wai zai nuna mini wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye tsofaffin littattafansu da aka rubuta a ganyen kaba. Karramawa ce. Ƙofar ƙarama ce, sai ka duƙa, matakalar kuma ƙafafun shekaru sun goge ta har tana santsi. A mataki na uku safata ta zame. Na tafi zan faɗi, tsohon ya kai hannu ya cafke ni a damtsen hagu.

Daidai kan kambun.

Bai sake ni nan da nan ba. Na ji yatsunsa suna bin abin ta cikin riga, sau ɗaya, sau biyu. Sannan ya janye hannunsa ya riƙe shi nesa da jikinsa. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya hau sama na bi shi. Ya yi wa masu hidimar magana da yarensu, mutum uku suka taso, wata mata da ke addu'a ta juyo. Na tuna ƙofar gari ɗaya, na tuna sojojin hanya, na tuna jami'in Delhi da ya tafi da fasfona. Na ga kaina a ofishin 'yan sanda, baƙin mutum, Musulmi, ya shigar da ƙazanta wurin bautar mutane. Abin da ke zuwa kaina kawai shi ne yadda zan sa Ramatu a bayana.

Tsohon ya ce da ni, "Na tambaye ka." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan. Ya juya ga Ramatu ya ce ta naɗe takardarta, za a wanke wurin, shi ma zai je ya yi wanka.

Ramatu ta dube shi ta dube ni. "Baba, me ya faru?"

Na naɗe hannun riga. Ta kalli kambun, ta daɗe tana kallonsa. Ta tattara fensiranta ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa hannu ta ba tsohon haƙuri, ta fita. Babu wanda ya taɓa ni. Na kwashi tulin fatata a ƙofa na bi ta a baya, riƙe da wando, ko bel ban tsaya sawa ba.

A masauki ta shige ɗakinta ta rufe. Na zauna a matakala ina sauraron kowane motsi daga titi, in babur ya tsaya sai in ce su ne. Babu wanda ya zo. Bayan azahar na ƙwanƙwasa, ta buɗe, idanunta sun yi ja. Na yi mata bayanin babana, da tabarmar, da yadda kambun ba ya wuce gwiwar hannu. Ta saurara har ƙarshe. Ramatu in ranta ya ɓaci Hausa take yi, ba ta haɗawa da Turanci ko kaɗan.

"Da ka faɗa mini, ai da ka zauna a waje," ta ce. "Ba zan ce ka yanke ba."

"Uwarki ta ce kada in bar ki daga idona."

"To da ka faɗa mini wannan ma. Ni na tambaye ka, Baba. Ka kalle ni ka ce yana cikin akwati."

Na fita na nemi Yusuf mai adaidaita, na zayyana masa komai da Turanci da hannu da 'yan kalmomin Larabci. Ya kama haɓa ya ce mutanen nan ba sa duka, ba sa kai ƙara, kada in ji tsoron wannan. Amma in sun ce a'a, to a'a ce. Ya ce in je gobe da sassafe kafin baƙi su taru, kada in kai kyauta, kada in yi dogon bayani.

Da asuba bayan na yi salla na ɗauko sabuwar reza. Na gwada da hannun dama, amma wurin ba ya ganuwa sosai. Dole na kira Ramatu. Ta zauna a bakin gado, na ɗora hannuna a kan gwiwarta. Ta ce, "Ba dole ba ne." Na ce dole ne. Na nuna mata inda babana ya ƙulle zaren ya ɓoye bakinsa ƙarƙashin ninki, yadda yake yi a duk aikinsa, babu baduku a Birni da ke ɓoye ƙulli kamarsa. Ɗinki goma sha ɗaya ne. Ina jin ƙarar kowane. Da fatar ta buɗe ta faɗo a cinyarta, wurin ya fito fari, siriri, kamar ba hannuna ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na naɗe kambun a hula na sa shi a akwati, a wannan karon da gaske.

Muka isa ƙofar kafin kowa. Na je da riga ɗaya, hannunta a naɗe har kafaɗa, ƙafa ba takalmi tun daga masauki. Tsohon na zaune. Na miƙa masa damtsen ya gani, na ce na yi ƙarya, laifina ne, yarinyar ba ta sani ba. Ya kalli farin zoben da ke hannuna. Ya tambayi Ramatu wa ya ɗaura mini shi, ta faɗa masa. Har na fid da rai. Sannan ya matsa gefe ya nuna mata ƙofa. Na ɗaga ƙafa zan bi ta, ya ɗaga tafin hannunsa a gabana.

"Ita," ya ce. "Kai, nan."

Ya nuna mini dakalin da ake ajiye takalma.

A nan na zauna awa huɗu, tsakanin takalman mutane. Abubuwa biyun da na yi ƙarya don kada su same ni, duk sun same ni lokaci ɗaya: babu kambu a hannuna, babu 'yata a idona. Iska na taɓa wurin ina jin sanyinta har cikin ƙashi. Duk wanda ya fito sai in leƙa bayansa. Na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko. Wata saniya ta zo ta tsaya a kaina tana tuƙa, ban iya korarta ba don kada in ƙara wani laifin. Can tsohon ya aiko mini da ruwa a kofin ƙarfe, amma bai fito ba.

Da rana ta take Ramatu ta fito, yatsunta baƙi ƙirin da fensir. Ta buɗe takardar ta nuna mini. Rufin ne gaba ɗaya, zobe cikin zobe har furen tsakiya. Na ce, "Kin gama?" Ta ce ta gama. Na ce alhamdu lillahi. Ta ɗauko mini takalman roba da ta saya a lungu, ta ajiye a gabana, muka sauka daga tudun.

Dawowa babu labari. A filin jirgi na'ura ba ta nuna komai ba, na wuce kamar kowa, sai na ji wani iri. Malamanta sun karɓi aikin, ta gama karatunta. Kambun na nan a cikin hular. Musa direba ya ce in ɗinke abina mana, ai sana'ata ce. Na zare allura sau biyu na mayar. Har yanzu in zan tsallaka titin 125 sai na ji hannun dama ya kai kan damtsen da kansa.

Ramatu ba ta sake ta da maganar ba, ko ga uwarta, ni na faɗa wa Hajiya da bakina. Tana gaishe ni kamar da, tana yi mini dariya kamar da. Ta sami aiki a Brooklyn, tana kiran gida kullum da yamma. Ran Talatar da ta wuce ta kira, muka gaisa, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, "Baba, ka sha maganin hawan jininka yau?"

Na ce na sha. Na kuwa sha, da safe, bayan koko.

Sai ta ce, "To. Ba Mama wayar."